Henri Braconnot: Yaron Kemis Ɗin Da Ya Fitar Da Sukari Daga Tsumma

Mutumin da na kawo muku a wannan fitowa Bafaranshe ne, sunansa Henri Braconnot. Ana furta sunan Brakono, haka kuma zan riƙa rubuta shi don kada harshe ya harɗe. Masana kemistiri sun san shi sarai, amma ni kaina ban taɓa jin sunansa ba sai da wahalar furojet ta haɗa mu.

Ni ɗaliba ce a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, ajin ƙarshe. Aikin da aka ba ni shi ne in fitar da wani sinadari mai suna kaitosan daga ɓawon kirefish, wannan dai da muke zubawa a miya. Sati uku ina wanke ɓawo, ina shanyawa, ina dakawa, ina jiƙa shi a asid, ina tafasa shi a soda. 'Yan ɗakinmu har sun fara yi mini gorin ƙarni. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: in dai kaitosan ne na gaskiya, zai narke a ruwan khal. Na zuba, na juya, na sake juyawa, wallahi ko gezau. Garin ya kwanta a gindin kwalba kamar yashi. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in ɗauko sakamakon wani furojet na shekarun baya in kwafe, tun da ba wanda zai bincika. Ban ce mata i ba, ban ce a'a ba. A daren nan ina haɗa babi na biyu na ci karo da sunan Brakono, na bi tarihinsa har asuba.

Maraya a kantin magani

An haifi Brakono ran 29 ga Mayu, 1780, a wani ƙaramin gari mai suna Commercy, a yankin Lorraine da ke arewa maso gabashin Faransa. Yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya rasu. Bayan shekara 2 juyin juya halin Faransa ya ɓarke, ƙasa ta hargitse. Ya yi firamare a garinsu, ya ɗan yi karatu a hannun malaman gida, sannan a 1793, shekarar da aka sare kan sarkin Faransa, aka kai shi birnin Nancy koyon aiki a kantin haɗa magunguna. Shekarunsa 13.

Kemis na wancan zamani fa ba irin namu ba ne da za a ciro kwali daga kanta a miƙo maka. Mai magani shi zai nemo saiwa da ganye da ɓawon itace, ya daka, ya jiƙa, ya tace, ya tafasa, ya auna. Don haka yaron shago dole ya san tsirrai, ya san ma'auni, ya san wuta. Da waɗannan abubuwa uku Brakono ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara 15 aka ɗauke shi aikin soja a wani asibiti a Strasbourg, kan iyaka da ƙasashen Jamusawa, lokacin Faransa na yaƙi da maƙwabtanta. Ku tuna, a zamanin babu allurar kashe zafi, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shekarun da mu muke ƙaramar sakandare, shi a irin wannan wuri ya yi su.

A 1801 ya tafi Paris. Ya riƙa halartar lakcocin manyan malaman zamanin, irin su Fourcroy masanin kemistiri, da Lamarck da Geoffroy Saint-Hilaire masana halittu. A can ya yi bincikensa na farko a kan wani tsohon ƙaho da aka tono daga ƙasa, aka buga shi a 1806. Paris ce wurin yin suna, duk mai neman ɗaukaka can yake maƙalewa. Shi kuwa a 1802 ya tattara ya koma Nancy, bai sake sauya gari ba har ya mutu. A 1807 aka naɗa shi shugaban lambun tsirrai na birnin. To kun ga, an ba mai son daka turmi.

Abin da ya ƙi narkewa

Salon aikinsa ɗaya ne kusan kullum. Ya ɗauko abin da kowa ke takawa ya wuce, ya sa masa asid ko ruwan toka mai ƙarfi, ya ɗora a wuta, ya zauna ya ga me zai zama, ya rubuta.

A 1811 ya yi wa naman kaza haka. Ya tafasa shi a ruwan toka, komai ya narke ya bi ruwa, sai wani farin saura da ya ƙi narkewa. Wani zai zubar da shi a matsayin datti. Brakono ya wanke shi, ya gwada shi, ya gane cewa ba irin zaren itace ba ne, ya sa masa suna funjin. A 1823 wani Bafaranshe mai suna Odier ya samu wannan abu a ɓawon ƙwari, ya kira shi kaitin, daga kalmar Girkanci mai nufin riga. Sunan Odier ne ya zauna, amma gano shi na Brakono ne. Kaitin ne ke sa ɓawon fara ya yi ƙaras-ƙaras in an soya, shi ne a jikin kyankyaso da ƙaguwa da jatan lande. Masana na lissafa shi na biyu a yawa a cikin irinsa, bayan selulos na tsirrai.

Bayan rasuwar Brakono da shekara 4, a 1859, Charles Rouget ya dafa kaitin a fotash mai ƙarfi ƙwarai, ya samu wani abu da ke narkewa a asid mai sauƙi. Shi ne daga baya, a 1894, Hoppe-Seyler ya raɗa wa suna kaitosan. Wato abin da nake nema a kwalbata jikan aikin Brakono ne.

Sukari daga katako, zaƙi daga ganda

Tsakanin nan ya taɓa harkar kitse. A 1815 ya nuna cewa kitse kashi biyu ne, mai daskarewa da mai ruwa, kuma a 1818 shi da wani mai haɗa magunguna mai suna Simonin suka yi rajistar wani sabon kyandir da aka yi da kashin mai daskarewa. Sai dai a wannan fage sunan Chevreul na Paris ne ya fi fita, ya rufe nasa.

Aikin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 1819. Ya ɗauko garin katako da kara da tsummokin auduga, ya zuba musu asid na salfa, wanda mu muka fi sani da ruwan batir, ya bar su suka narke, ya ƙara ruwa ya tafasa. Da ya cire asid ɗin, abin da ya rage sukari ne. Sukari daga tsumma! Shi ne wanda yau muke kira gulukos. Dalilin kuwa, selulos da ke cikin katako da auduga ba komai ba ne illa ƙwayoyin gulukos dubbai da aka jera a zare ɗaya kamar carbi. Asid ya tsinka zaren, duwatsun suka watse. Irin wannan doguwar sarƙa ita ake kira polima. Brakono bai san da ita ba. Sai a 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya kawo bayanin, aka yi ta musu da shi, kafin a ba shi kyautar Nobel a 1953. Shekara 100 kafin a san akwai carbin, mutuminmu ya riga ya tsinka shi.

A 1820 ya ce bari ya gwada wannan dabara a kan kayan dabba. Ya ɗauko jelatin. Duk wanda ya taɓa barin farfesun ganda ko na ƙafar saniya ya kwana a sanyi ya ga romon ya daskare yana rawa, to ya ga jelatin. Kolajin ne na fata da ƙashi wanda zafi ya warware. Brakono ya dafa shi da ruwan batir, ya samu wasu fararen ƙwayoyi masu zaƙi. Tun da katako ya ba shi sukari, sai ya ɗauka wannan ma sukari ne, ya kira shi sukarin jelatin. Nan fa ya yi kuskure. A 1838 Boussingault ya nuna cewa akwai naitirojin a ciki, don haka ba sukari ba ne. Yau sunansa gilaisin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tubalan kolajin ɗin jikinmu shi ne. A wannan aiki dai ya fitar da wani tubalin, lusin, daga tsoka da gashin tumaki.

Ku lura da wani abu a nan. Sunan da ya bayar kuskure ne, amma abin da ya ce ya gani gaskiya ne. Ya faɗi me ya zuba, yaya ya dafa, me ya fito. Shi ya sa na baya suka iya maimaitawa, suka gyara masa, aikin kuma bai mutu ba. Da ƙarya ya rubuta, da ba abin da za a gyara.

Fektin da audugar da ke kamawa da wuta

A 1825 ya ware sinadarin da ke sa ruwan 'ya'yan itace ya yi kauri ya kama jikinsa in an dafa da sukari, irin na jam da ake shafa wa burodi. Daga aikinsa sunan fektin ya fito, daga kalmar Girkanci mai nufin daskarewa. Yau daga ɓawon lemo da tuffa ake fitar da shi a masana'antu.

A farkon shekarun 1830 kuma ya zuba asid ɗin naitirik mai ƙarfi a kan sitaci da zaren itace. Wannan karon sarƙar ba ta watse ba. Asid ɗin ya maƙala mata wasu sababbin hannaye, ta koma wani abu dabam mai kamawa da wuta nan take, wanda kuma ake iya mayarwa wani irin fenti mai sheƙi kamar gilashi. Ya kira shi ziloyidin. A ganina wannan ne aikinsa mafi kusa da zamaninmu, domin a nan ne aka ɗauki polima ta halitta aka sauya mata hali ba tare da an rusa ta ba. A 1846 Schönbein ya kai wannan hanya ga audugar bindiga. Ba a jima ba likitoci suka fara narka irinta suna shafa wa rauni ta bushe ta rufe shi, sannan aka samu seluloyid, robar da aka yi fim ɗin sinima na farko da ita.

A 1823 Cibiyar Kimiyya ta Paris ta zaɓe shi wakilinta, amma yana zaune a Nancy abinsa. Mutum ne mai kunya, mai gudun taro, bai yi aure ba. Ya buga ayyuka 112 kafin ya rasu a watan Janairun 1855 yana da shekara 74. Dukiyarsa birnin Nancy ya bar wa, kuma har yau akwai titi mai sunansa a can.

Daga tukunyarsa zuwa bakin firinta

To me ya haɗa wannan tsoho da zamanin firinta mai buga abu da siffarsa? Bari in faɗa muku dalilin da ya sa na karɓi wannan furojet tun farko. Ƙanena ya ƙone da man suya yana ƙarami. Da likitoci za su rufe ƙunar, sai da suka yanko fata daga cinyarsa suka dasa. Rauni ɗaya ya zama biyu, kuma na ga yadda yaron nan ya sha wuya da na biyun. Tun lokacin nake tambayar kaina ko babu wata hanya.

Masu bincike na neman hanyar. Suna so su haɗa wani kunu mai kauri, su zuba ƙwayoyin halittar majinyaci a ciki da ransu, su sa a sirinji, kwamfuta ta riƙa tuƙa sirinjin yana zana siffa layi bisa layi, har a samu fata ko guringuntsi. A sa a jiki, ƙwayoyin su hayayyafa su gina nasu naman, kunun kuma ya ruɓe a hankali ya ɓace. Wannan kunu shi ake kira tawadar halitta. Kayan haɗa ta kuwa su ne jelatin da kolajin da kaitosan da fektin da selulos, sai aljinet na ciyawar teku wanda Stanford ya gano a Birtaniya a 1881. Ku duba jerin nan da kyau, yawancinsu sun bi ta hannun Brakono.

Ni mai zanen lalle ce a hostal, da shi nake samun na kati, don haka matsalar ba ta yi mini wuyar ganewa ba. In kwaɓin lalle ya yi ruwa, zai fito daga leda amma zanen zai baje. In ya yi tauri, zanen zai tsaya amma ba zai fito ba sai kin matsa da ƙarfi. A tawadar halitta kuwa matsi mai yawa kashe ƙwayoyin yake yi. Ana son abin da zai yi laushi lokacin da ake matsa shi, ya tsaya cak da zarar ya sauka. Babu polimar halitta da ta zo da wannan hali cikakke, dole sai an yi mata gyara.

Ɗauki jelatin. Ƙwayoyin halitta na son sa, suna manne masa, amma a zafin jikin mutum, digiri 37, narkewa yake yi, kamar yadda romon ganda ke sakewa in an ɗumama. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Ghent ta Beljiyam suka bayyana yadda ake maƙala masa wasu hannaye na metakirilet. In an buga siffar aka haska mata wani haske, hannayen sai su kama juna, ta daskare ba ta sake narkewa. Wannan fa ita ce dabarar ziloyidin: a bar sarƙa yadda take, a ƙara mata hannu.

Aljinet kuma da ya haɗu da ruwan kalsiyam yake daskarewa nan take, haka ma wani nau'in fektin. Matsalarsa, jikin mutum ba shi da sinadarin da zai narka shi, kuma ƙwayoyi ba sa manne masa. Shi ya sa ake ɗan raunana sarƙarsa don ta iya ruɓewa, ko a gauraya shi da jelatin. Kaitosan yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana taimaka wa jini ya tsaya, har sojojin Amurka sun yi amfani da bandejinsa a Iraƙi da Afganistan. Shi kuma matsalarsa sai a asid yake narkewa, asid kuwa ba ya shiri da ƙwayoyin halitta, don haka ana sauya shi ya narke a ruwa zalla.

An fara ganin amfani. A 2019 masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon suka buga sassan zuciya da kolajin, a cikin wani kwano na jelatin da ke tallafe siffar har ta kama. A 2022 a Amurka aka dasa wa wata budurwa kunnen da aka buga da kolajin da ƙwayoyin guringuntsinta. Amma kada wani ya ruɗe ku da hotunan intanet, har yanzu ba a buga ƙoda ko zuciyar da aka dasa wa mutum ta yi aiki ba. Babban cikas shi ne hanyoyin jini. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma saƙa irin waɗannan ƙananan hanyoyi a cikin nama mai kauri aiki ne ja.

Komawa ga kwalbata

Da gari ya waye na koma ɗakin gwaji na duba littafin aikina. Kafin kaitin ya zama kaitosan ana buƙatar soda mai ƙarfin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 da zafi sosai na awoyi. Ni kuwa na tsinka sodar don ta ishe ni, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa. Ashe abin da ya kwanta a gindin kwalbata kaitin ne tsantsa, wannan farin sauran da ya ƙi narke wa Brakono a 1811. Shi ya ga nasa ya zauna ya yi nazari, ni na ga nawa na fara tunanin satar amsa. Kunya ta kama ni, ba wasa ba.

Na rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da ƙarfin sodar da lokacin da wuta ta ɗauke. Sufabaizana ya karanta, ya ce in bar shi a babi na huɗu a matsayin gwaji na farko, in sake wani. Na sake, da sodar da na saya da kuɗin lalle. Wannan karon yawancin garin ya narke, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ɗan kaɗan ya rage a ƙasa. Shi ma ragowar na auna na rubuta.

Ban ce furojet ɗina zai buga wa kowa fata ba, tsakanina da wannan akwai tafiya mai nisa. Amma kayan aikin suna nan zube a gabanmu: ɓawon kirefish, fukafukan fara da masu suya ke zubarwa, ɓawon lemo a bakin get, ragowar fata a majema, sitacin rogo. 'Yan injiniyan lantarki da na kanikanci, ku kuna iya haɗa na'urar da za ta tuƙa sirinji. 'Yan kwamfuta, zanen naku ne. Mu 'yan ɗakin gwaji mu dama kunun. Abu ɗaya kawai nake roƙo, musamman ga 'yan ajin ƙarshe da ke fama da babi na huɗu a yanzu: abin da kwalba ta nuna, shi za a rubuta, ko da bai yi daɗin gani ba.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa mu kare furojet lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.